Yadda muka mayar da Siennata mai ja da ƙafa huɗu

Tun ranar da na fara shiga kasuwar Farin Gada ta Jos da motar nan bayan an gama aikinta mutane ke tare ni da tambaya, wani ma sai da ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta ya ga farfela, wato dogon ƙarfen da ke kai juyin inji ƙafafun baya, da idonsa sannan ya yarda. Na gaji da ba da labarin gutsure-gutsure a bakin shago, toh bari in faɗe shi tun daga tushe, dan duk wanda yake da irin wannan tunanin ya san ƙasar da zai taka.

Ni sana'ata dankalin turawa ne. Ina shiga ƙauyukan Bokkos da Mangu in saya a gona, in fito da shi Maikatako ko in wuto da shi Jos kai tsaye inda manyan motoci ke lodi zuwa Kano da kudu. Ribar harkar nan tana wajen wanda ya iya isa gona ne, in ka tsaya a bakin kwalta kana jiran a fito maka da shi toh hannu uku ya riga ya taɓa buhun kafin naka. Motata Toyota Sienna ce ƙirar 2005, mai injin V6 lita 3.3, wanda ake kira 3MZ. Ni da yayana muka haɗa kuɗi muka saye ta a 2017, shi ya je ya taho da ita da kansa, Allah ya jiƙansa. Na cire kujerun baya tun tuni, ina loda mata buhuna, kuma wallahi injin motar nan bai taɓa ba ni kunya ba, bel ɗin taimin kawai nake canjawa in lokacinsa ya yi, da baƙin mai a kan kari.

Matsalarta ɗaya ce, da ƙafafun gaba take ja. Wanda yake yawo cikin gari daga Taminus zuwa Bukuru ba zai taɓa gane wannan matsala ba. Amma ka loda kaya a baya, nauyi ya koma can, gaban motar ya ɗaga kaɗan, sannan ka fuskanci hawa a kan jar lakar nan tamu ta Filato cikin watan Agusta, toh tayoyin da ya kamata su ja ka su ne ba su da nauyin da zai danne su a ƙasa. Sai ka ji injin na kuka, taya na wulwulawa a wuri ɗaya tana haƙa rami, motar na zamewa gefe.

Abin da ya sa na yanke shawara ya faru ne a daminar 2022. Na yi lodi a wata gona da ke can ciki, tsakaninta da kwalta bai fi kilomita huɗu ba, ruwa ya sauko da la'asar muna cikin ɗaure buhuna. Akwai wani ɗan kwari da ake gangarawa a haura, mun gangara lafiya, haurawar ce ta gagara. Muka sauke rabin kaya, muka zuba duwatsu da karan masara, samarin ƙauyen suka tura har suka gaji, magariba ta yi, isha'i ta yi. Duk wanda ya san yankin nan ya san dare a daji ba abin wasa ba ne, kuma yaron motata ɗan ƙanwata ne, amana ce a hannuna. Mutanen ƙauyen Allah ya saka masu da alheri, su suka ba mu wurin kwana, da safe aka samo tarakta ta ciro mu. Dankalin da muka sauke ya kwana cikin ruwa, motar da na yi alƙawarin cika wa lodi ta tashi ta bar ni. Ba asarar kuɗin ce ta fi damuna ba, muryar ƙanwata ce a waya cikin daren nan tana tambaya ina ɗanta.

Shawarar da kowa ya ba ni ita ce in sayar in sayi Hilux. Magana ce mai kyau, amma duk wanda ya taya Hilux ko da tsohuwa ce ya san kuɗin Sienna biyu ba sa kawo ta. Wasu suka ce toh ka nemi Siennar da ta zo da fowil ɗinta, wato ja da ƙafa huɗu, daga kamfani, ai akwai su. Gaskiya ne akwai, Toyota ta yi su daga ƙirar 2004, a masana'antarta ta jihar Indiyana a Amurka, saboda masu zama inda ƙanƙara ke zuba. Na duba guda uku, ɗaya an riga an cire mata farfela an jefar wai dan ta rage shan mai, ɗaya injinta na hayaƙi, ɗaya kuma ƙasanta duk tsatsa ya ci saboda gishirin da suke zubawa a titi a can. Ni kuma ga mota a hannuna da na san kowane noti nata, ga kuma abin da ke tsakanina da ita saboda yayana. Zuciyata ta ƙi.

Makanikina dattijo ne, Baba muke ce masa, tun zamanin da fijo 504 ke fitowa daga Kaduna yake riƙe da sifana. Da na kai masa maganar na ɗauka zai kore ni, sai ya yi shiru ya ce ɗana, abin da kake faɗa ba sabon abu ba ne a duniya. Ya ce ita kanta 504 akwai kamfani a Faransa mai suna Dangel da a da yake karɓarta ya mayar da ita mai ƙafa huɗu, haka bas ɗin Volkswagen da ake kira Syncro a garin Graz na ƙasar Ostiriya aka riƙa haɗa mata kayan fowil ɗinta, ya taɓa gyara irinta ta wani bature mai aikin asibiti shekaru da yawa da suka wuce. Sannan ya ɗaga yatsa ya ce amma sharaɗina ɗaya, ba zan taɓa motarka ba sai ka kawo min 'yar'uwarta gaba ɗayanta na ajiye su gefe da gefe. Kar ka sayo min kaya ɗai-ɗai.

Ban ji maganarsa ba da farko, kuma na biya kuɗin rashin jin. Wani mai sayar da kayan Beljiyam ya kira ni ya ce ya samo min giyabos na fowil da araha, wai duk ɗaya ne da na Sienna. Na tura kuɗi aka saka min a mota. Da ya iso Baba ya juya shi ya duba ya ce wannan daga jikin wata motar aka ciro shi ba Sienna ba, lambar giyar iri ɗaya ce, U151F, dan Highlander da Lexus RX330 ma suna amfani da ita, amma an raba shi da ƙaramin akwatin da ke tura ƙarfi baya, ba mu san shekararsa ba, ba mu san da wane bak-aksil, wato mai raba ƙarfi wa ƙafafun baya, aka aura shi ba, kuma sokat ɗin waya ɗaya a fashe yake. Ya ce in haƙoran gaba da na baya ba su yi daidai ba, ƙafafun gaba za su so gudu kaza na baya su so gudu kaza, motar za ta yi ta faɗa da kanta a kan kwalta har wani abu ya karye. Sai da na yi wata biyu ina bin mutumin kafin na karɓo wani abu daga kuɗina. Araha ba ta ado.

Daga nan na koma kan maganar Baba. Na zagaya Dilimi nan Jos, na sa a duba min Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano, har Ladipo ta Legas na yi waya. A ƙarshe a Apo ta Abuja aka samu, Sienna 2005 fowil da ta yi hatsari, ta wuntsila rufin ya lotse gilasai duk sun tafi, amma ƙasanta lafiya lau. Ga wata dabara da zan ba duk mai nema, kar ka yarda da tambarin AWD da ke manne a ƙofar but, kowa na iya manna shi. Duba lambar chasis. A Siennar waɗannan shekarun tana farawa da 5TD, harafi na huɗu in Z ne mai jan gaba ce, in B ne ita ce fowil. Tawa 5TDZ ce, wannan kuma 5TDB. Bayan lambar kuma ka kwanta ka shiga ƙarƙashi ka gani da idonka. Baba da kansa ya bi ni Abuja, ya kwance noti ya ɗiga man bak-aksil a tafin hannunsa ya murza yana neman garin ƙarfe, ya shinshina man giya ko ya ƙone, ya juya farfela da hannu yana sauraro. Sai da ya gyaɗa kai na biya. Na karɓi rasit da takardun motar da hoton lambar chasis, dan motar da za a yanka gunduwa-gunduwa dole ka iya nuna inda ka samo ta in an tambaye ka. Muka ɗora ta a babbar mota muka biyo Keffi da Akwanga muka hauro Hawan Kibo da ita.

Aikin ya fara ne a watan Janairun 2023, cikin sanyin nan na Jos da sifana ke manne wa mutum a hannu da safe, kuma daidai lokacin da aka shiga wahalar takardun kuɗi saboda canjin naira. Ko kuɗin abincin yaran gareji sai da tiransifa, network ya ƙi, a yi ta jira. Amma gara rani, dan lokacin ne zan iya ajiye motar ba tare da kasuwa ta wuce ni sosai ba.

Abin da Baba ya fara yi ya ba ni mamaki, kwana biyu bai kwance komai ba. An ɗaga motocin biyu a kan kafofin ƙarfe, yana shiga ƙarƙashin wannan da tef da alli, ya fito ya shiga ƙarƙashin waccan, ɗan ƙanwata na bin sa da waya yana ɗaukar hoton kowane lungu. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu a jikin farfela sai ya sa masu alama da fenti kafin a raba su, ya ce yadda kamfani ya haɗa su haka aka daidaita nauyinsu, in ka juya ka ɗaura ta wata fuskar sai mota ta kama rawa. A nan na fara gane dalilin sharaɗinsa. Motar hatsarin nan ba rumbun kaya ba ce kawai, ita ce littafin da ake dubawa. Duk tambayar da ta taso, ina wannan bututun yake bi, wane tsawon noti ne a nan, ta ina wayar nan ta ratsa, sai a taka taku uku a je a gani.

Injin Sienna a gicciye yake kwance, giyabos na gefensa. Aka sauke injina da giyarsa gaba ɗaya ta ƙasa, aka raba su, aka ɗaura masa giyabos ɗin waccan tare da ƙaramin akwatinsa. Shi wannan akwatin aikinsa ya karkata juyin ya fuskanci baya, ya miƙa wa farfela, farfela ta ratsa tsawon motar ta kai wa bak-aksil, shi kuma ya raba wa ƙafafun baya ta shaf biyu. Tunda injin na ƙasa muka canja oyil sil na bayansa da bel ɗin taimin da famfon ruwa, dan ba kullum ake samun irin wannan damar ba. Shaf ɗin gaba ma na waccan muka sa, dan na gefen dama ba iri ɗaya ba ne da nawa, akwatin ya cinye wurin.

Bayan motar ne ya ci mana lokaci. Siennar da ke jan gaba tana ɗauke da safayarta a ƙarƙashin ciki ta gefen dama, toh wurin nan dole a sadaukar da shi, shi ya sa ma masu fowil daga kamfani ba sa zuwa da safaya sam, tayoyi ake sa masu irin waɗanda ke iya ɗan tafiya ko sun sace. Muka cire marataya safayar. Salansa ma ta waccan muka ɗauko tun daga gaba har baya saboda tawa tana bi ta inda farfela za ta wuce. Ƙarfen ƙafafun baya muka ɗauko shi sukutum da hob da komai, dan hob ɗina toshe yake ba shi da ramin da shaf zai shiga, kuma da shi na samu ƙarin alheri, birkina na baya na kwano ne, na waccan na faifai.

Sai maganar walda. Akwai wuraren da muka tarar da ramukan noti suna jira, akwai inda babu komai sai shafaffen ƙarfe, musamman inda boris ɗin tsakiyar farfela zai rataya da wani ɓangare na mazaunin bak-aksil. Mai waldan da Baba ya kira ya so ya yanko ƙarfen kwana ya ƙera nasa, Baba ya ce a'a, ga na kamfani can a jikin gawa, je ka yanko shi da faɗinsa. Haka aka yi, aka yanko su da naman ƙasan motar, aka auna daga wurare uku da ba sa motsi a jikin kowace mota, aka ɗiga walda kaɗan, aka ɗaura farfela aka ja zare aka duba miƙewarta, aka sake cirewa aka gyara, sau uku ana wannan kafin a ƙone shi gaba ɗaya. Kafin a kunna wuta kuwa sai da aka sauke tankin mai aka kai shi can nesa, aka cire kan batir, aka ɗaga kafet ɗin ciki. Wannan ba abin da za a yi wa gardama ba ne, na san garejin da mota ta ƙone ƙurmus saboda an ce ai ɗan ɗigo ne kawai. Bayan walda aka goge aka shafa jan fenti da baƙin kwalta, dan wurin da aka ƙona shi tsatsa ke fara ci, mu kuma rabin shekara cikin ruwa muke.

Mai kala biyu motar ke sha yanzu a wuri uku a ƙasanta, kuma nan ne mutane da yawa ke kashe irin waɗannan motocin. Giyabos jan mai yake sha, na wannan shekarar T-IV ne. Ƙaramin akwatin da bak-aksil kuwa man giya mai kauri suke sha, GL-5, kowanne da nasa notin zubawa. Da yawa ba su ma san akwatin yana da mansa daban ba, sai ya bushe ya fara kuka sannan a ce ai fowil matsala gare ta.

Muka tayar da ita ana saura kwanaki kaɗan a fara azumi. Ta tashi, giya ta shiga, ƙafa huɗu na juyawa a sama. Na fita da ita hanyar Bukuru har Mararraban Jama'a, ba rawa ba kuka. Ranar ban iya cin abincin dare ba dan murna. Baba dai ya ce min ɗana aikin bai ƙare ba, mun sa mata ƙafafu ba mu sa mata hankali ba, saura wayarin. Ni kuma lokacin aljihuna ya bushe, ga azumi ga kayan sallar yara, na ce Baba a bar shi tukuna, ai ƙarfen ne mai ja.

Ruwan farko mai ƙarfi da aka yi na tafi wata fadama da na sani na gwada ta, ba kaya ma. Ƙafar baya ta dama ta faɗa cikin taɓo, sauran ukun na kan ƙasa mai ɗan tauri, na taka mai. Abin da na gani ya kashe min jiki. Ƙafar da ke cikin taɓon ita kaɗai ke wulwulawa tana watsa laka, sauran ukun na tsaye kamar ba su san ana yi ba. Mota mai ƙafa huɗu ta maƙale saboda ƙafa ɗaya.

Da na koma Baba bai ce min ai na faɗa maka ba, zama ya yi ya zana min a ƙasa. Fowil ɗin Siennar wannan shekarar kullum a kunne yake, ba irin na Hilux ba ne da kake jan ƙaramar giya, yana raba ƙarfi rabi gaba rabi baya. Amma mararrabar da ke raba ƙarfin a buɗe take, ta tsakiya da ta gaba da ta baya duka, kuma ƙarfin inji kaman ruwa ne, inda ya fi sauƙi nan yake bi. Ƙafar da ba ta riƙe komai ba ita za ta kwashe juyin duka. Abin da Toyota ta yi shine ta bar wa birki aikin, akwai sansa a kowace ƙafa da ke ƙirga juyinta, in kwamfutar ta ga ɗaya ta fi sauran gudu sai ta matse birkin wannan ƙafar ita kaɗai, ƙarfin ya rasa hanyar banza ya koma wa masu riƙe da ƙasa. Shi ne abin da suke rubutawa TRAC da VSC. Waccan motar tana da shi, tawa ABS kawai gare ta.

Wallahi a nan na gode wa Allah da gawar motar tana nan ba mu sayar wa 'yan gwangwan ba, dan har an fara taya ta. Da kaya ɗai-ɗai na saya, ina zan samo famfon ABS mai wannan tsarin, da sansar da ke jin juyawar jikin mota, da ta sitiyari, da damin wayoyin da ke haɗa su, kuma duka daga mota ɗaya? Bayan ƙaramar sallah na sayar da wani ɗan fili da nake da shi aka kira mai wayarin. Yaro ne matashi amma yana da natsuwa, da laftof ɗinsa da zanen wayoyin motar. Ya sauke dashbod ɗin motocin biyu gaba ɗaya, ranar da na leƙa na ga motata tsirara wayoyi na reto kaman an yanka dabba sai da gabana ya faɗi. Ya ce Alhaji kar ka damu, ba zan yanka waya ko ɗaya ba, damin waccan zan ɗauke in shimfiɗa a nan yadda yake. Ya kawo biren bos, wato kwamfutar injin waccan ma, dan in taya na zamewa kwamfutar birki tana gaya wa ta inji ta rage wuta, dole su ji yaren juna. Biren bos kuma yana tafe da makullinsa saboda tsaron ɓarayi, shi ya sa yau makullin da ke aljihuna na motar hatsarin ne. Bututun birki aka sake bi, aka fitar da iska sau biyu. A ƙarshe ya sa muka nemi daɓe mai shafe sosai muka tsayar da motar sitiyari a miƙe, ya haɗa na'urarsa ya koya wa sansar cewa nan ne daidai, sai fitilun da suka cika dashbod suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Sati uku wannan ya ci.

Taya ma sai da na canja hali a kanta. Da can duk wadda ta fashe sai in je in sayo Beljiyam ɗaya in sa, ko wane kamfani ce, ko ta fi sauran tudu. Yanzu ba hali. In taya ɗaya ta fi sauran girma ko da kaɗan ne, mararrabar tsakiya ba ta hutawa, kwamfutar ma tana iya ɗauka zamewa ake yi. Na sayi biyar iri ɗaya, 225/60R17 a kan rim ɗin waccan, na duba lambobi huɗun nan na gefe masu nuna sati da shekarar da aka yi su, ina juya su har da safayar dan su ci tare. Safayar tana ciki a ramin da kujerar baya ke naɗewa, ta cinye min wurin buhu ɗaya, na haƙura. Mai faci na ma ya san ni yanzu, iska sai da geji, ba bugun ƙafa ba.

Ba zan ɓoye abin da aikin nan bai ba ni ba. Bai ɗaga motar ta zama jif ba, cikinta na nan kusa da ƙasa, yanzu ma akwai bak-aksil da farfela da dutse zai iya samu, sai da na sa aka yi mata farantin ƙarfe a ƙarƙashin injin. Ba ta da ogzilari, wato ƙaramar giyar nan mai jan hankali da ƙarfi, in hanya ta zama ta tarakta toh ta tarakta ce. In ana ta matse birki a taɓo na dogon lokaci yana zafi, dole ka tsaya ya huce. In ta lalace a hanya ba a ɗaga gabanta a ja ta da janwe ƙafafun baya na ƙasa, sai dai a ɗora ta gaba ɗaya, na rubuta wannan na manna a cikin gilas saboda ranar da ba ni ne a ciki ba. Sannan mai. Ta ƙara nauyi, ƙarafan da injin ke juyawa sun ƙaru, tana sha fiye da da, kuma muna tsakiyar wayarin ne aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, farashi ya ninka ya wuce. Na kwana ina lissafi a daren nan. In na haɗa kuɗin gawar da ɗaukota da leba da walda da wayarin da tayoyi da asarar giyabos ɗin farko, ko bayan na sayar da injin waccan da ƙofofinta da kujerunta na rage zafi, abin da na kashe ya isa in cika in sayi fowil ta kamfani mai lafiya in da na yi haƙurin nema. Duk wanda ya tambaye ni a Farin Gada haka nake gaya masa, in ba wani dalili ne ya ɗaure ka da motarka ba, kuma ba ka da makanikin da zai yi kwana biyu yana awo kafin ya taɓa noti, nemi ta kamfani. Ni dalilina daban ne kuma ban yi nadama ba.

Cikin Agustan 2023 na koma gonar nan, manomin ya kira ni ya ce dankali ya yi kuma ba mai shigowa saboda hanya. An kwana ana ruwa. Muka yi lodi, ɗan ƙanwata na gefena ya yi shiru tunda muka doshi kwarin. Na gangara a hankali, na sa giya a ƙasa, na riƙe mai daidai ban taka da ƙarfi ba kaman yadda mai wayarin ya koya min, ya ce in na ji ƙara kar in ɗaga ƙafa, aikinta take yi. A tsakiyar hawan gaban ya fara zamewa, wata fitila ta kama ƙiftawa a dashbod, na ji gurrr gurrr daga ƙarƙashi birki na kama wannan ƙafar yana sakin waccan, sai na ji an turo mu daga baya, abin da ban taɓa ji ba a shekara shida da nake tuƙa motar nan. Ta haura tana jan jiki, laka na tashi ta ko'ina, har muka hau tudu. Samarin da suka tura mu bara suna tsaye a bakin hanya sun riga sun naɗe ƙafar wando. Na tsaya na sauka muka gaisa, na buɗe but na ba su rabin buhu, yaron kuma ya ciro waya ya kira mamansa ya ce mata mun fito, kafin la'asar muna gida.